Akwatin Suruka

Evaristo Carrizo, Don Evaristo a bakin masu girmama shi, ba ya jan igiyar janaretansa sai ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa sau biyu, ya karkato da kunnen hagu ya saurara. Akwai ma'aunin mai a kan murfin tankin, allurarsa kuma lafiya lau take, amma shi ya fi yarda da kunnensa. Ɗayan kunnen, na dama, ya daɗe da barin aiki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin Cipolletti da Neuquén, irin tsofaffin nan masu inji a gefen direba, injin kuwa ya ci rabonsa kafin su rabu.

Shekarar da ya ajiye tuƙi ita ce matarsa Nélida ta bar aikin zaɓen tuffa. Suka haɗa abin da aka sallame su da shi, suka sayi tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka mai gado ɗaya da murhun gas da ɗan firij. Janaretan kuma a hannun wani magini ya same shi, rawaya, mai ƙafafun ƙarfe, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Tun daga nan, da an ci sabuwar shekara sai ya ɗaura tirelar a bayan a-kori-kurarsa, su yini a hanya, su sauka a Las Conchillas. Ba su komawa gida sai zafi ya fara karyewa cikin Maris.

Wurin dai yadda yake haka yake: farin ɓawon katantanwa shimfiɗe har iyakar gani, teku a gaba, iska kullum. Babu famfo, babu turken wuta, babu inuwa sai wadda mutum ya zo da ita. Masu zuwa duk shekara ba su wuce gida tara ko goma ba, kowa ya san inda yake kafa tasa. Suna da ƙa'idar da ba wanda ya rubuta. Inji yana tashi ƙarfe shida na yamma, ya mutu ƙarfe takwas, mai inji kuma shi ke ba da mate, shayin ganye mai ɗaci da ake sha a ƙoƙo ɗaya. Wanda ya kawo wayarsa ko batirin fitila ya jona, ba ya juyawa ya tafi. Sai ya zauna ya jira ƙoƙon ya zagayo kansa, ya zuƙe ta bututun ƙarfen, ya mayar wa mai zubawa.

Shekara goma sha huɗu inji ɗaya ne a wannan gefen gaɓar. Shida na yi sai a ga mutane suna tahowa suna taka ɓawo ƙaras-ƙaras, kowa da kujerarsa mai naɗewa a hammata, sun nufi rumfar Evaristo.

Doña Chela ce ta raɗa wa injin suna. Mijinta ya rasu tuntuni, ita kuwa ba ta fasa zuwa ba, a tsohuwar motar madarar da ya mai da ita ɗaki. Wata yamma ta toshe kunne da yatsa ta nuna janaretan da haɓa.

"Suruka ke nan," in ji ta. "Ba ta gajiya, ba ta sassauta murya, ba kuma dama ka ce ta tafi, tunda a hannunta kake ci."

Sunan ya zauna. Evaristo bai ji haushi ba, har da jan fenti ya rubuta shi a gefen tanki.

Nélida ke zuba mate. Shi kuma ya jingina da tirela, katakon soket a gaban ƙafarsa, wayoyin mutane jere a kai, ya shiga ba da labarin hanya. Wanda ya fi so shi ne na ranar da kogi ya cika ya haye tsohuwar gada da fasinja arba'in. Suruka na ruri a bayan tirela, mutane na gyaɗa kai. Can wani ya ɗaga murya ya ce, "Haka ne, direba." Ba wanda ya taɓa yi masa tambaya a kan labarin. Shi ya ɗauka don ya iya ba da shi ne.

A shekara ta goma sha biyar wata farar mota ta zo ta kafa kamar taku sittin daga tasu. Mai ita Osvaldo Berruti ne, mutumin Bahía Blanca, ya yi rayuwarsa a kantin magani, matarsa ta rasu bara. Siriri ne mai tabarau, mai yawan cewa "a gafarce ni". Da yamma ya buɗe ƙofar baya ya fito da wani jan abu da hannu ɗaya, kamar mai ɗauke da jakar cefane. Ya ajiye, ya ja igiya sau ɗaya.

Evaristo ya jira ya ji ƙara. Bai ji ba. Ya taka har wurin, hannu a baya, ya sunkuya da kunnen hagu. Abin na aiki. Ƙararsa ba ta wuce ta keken ɗinki a gidan maƙwabta ba.

"Sannu da zuwa, maƙwabci," ya ce. "Na jikanka ne ka ɗauko, ko kyauta aka ba ka da ka sayi motar?"

Osvaldo ya yi dariya ya miƙa hannu. "Ɗan abu ne. Firij da rediyo kawai nake ɗora masa."

"Wat nawa?"

"Dubu ɗaya, in ji takardarsa."

"Dubu ɗaya." Evaristo ya jinjina kai a hankali. "To, in ya gaji ka zo. Tawa tana jan dubu uku da rabi, ta taɓa tayar da injin walda."

"Na ji ta tun daga kwanar hanya, kafin na ga teku," in ji Osvaldo. Cikin girmamawa ya faɗa, shi ya sa Evaristo ya rasa ta inda zai kama maganar.

Chela ce ta fara sauya sheƙa. Ta ce ƙafarta na ciwo, can ya fi mata kusa. Bai fi ba. Bayanta wasu ma'aurata 'yan Viedma suka bi, sai masu kamun kifin nan biyu da ba sa rabuwa. Wayoyi ai ba sa cin wuta, ɗan jan abin yana ɗaukar su duka bai ko sauya murya ba. Kafin mako biyu, kujeru uku suka rage a rumfar Evaristo, biyu nasu ne, ɗaya ta wani dattijo da kunnuwansa biyu duka sun tafi.

Ran nan Nélida ta ce za ta mayar wa Chela kaskonta.

"Yanzu? Shida ta yi."

"Minti biyar, tsoho. Ga fulas nan, ka zuba wa kanka."

Ya zuba wa kansa. Bakwai ta yi, ta wuce. Daga inda yake yana hango su sun yi da'ira, kawuna kusa da juna kamar masu ƙulla wani abu. Takwas daidai ya kashe Suruka. Shirun ya sauko, cikin shirun kuma iska ta kawo masa dariya. Dariyar mace ce, mai tashi sama ta yanke, ta sake tashi. Sai da ya daɗe yana saurare kafin ya gane ta wace ce. Ya san ta tun wajen rawa a Allen, suna da shekara ashirin. Ya ɗauka tsufa ne ya tafi da ita.

Da ta dawo, kaskon na hannunta.

"Ba ki ba ta ba."

Ta dubi hannunta. "Ka ga, na manta."

"Me ya faɗa haka mai daɗi?"

"Wa?"

"Mai magani."

"Ba shi ba ne, Chela ce take ba da labarin likitan haƙorinta." Ta rataye kaskon. "Ashe ɗanta na Spain ya rabu da matarsa tun shekara huɗu. Shekara huɗu muna zaune da ita kullum, ban sani ba."

"Da ta faɗa ai da kin ji."

Nélida ta shiga ciki ta kunna gas.

Daga ranar ya soma lura da abubuwan da ba ruwansa da su. Ya lura Osvaldo yana shafe ɗan injinsa da farin ƙyalle. Ya lura lita ɗaya ke kai shi yamma biyu, alhali shi duk kwana huɗu sai ya kai jarka San Antonio. Ya lura Nélida ta fara taje kai kafin shida. Da safe in ya tafi jefa ƙugiya, sai ya bi ta bayan farar motar, ko da yake ba hanya ba ce, ya saci kallon jan abin a inuwa. Sau ɗaya, da ba kowa, ya ɗaga shi. Bai kai nauyin jarkar ruwa ba. Ya ajiye shi da sauri, ya goge hannu a wando.

Akwai wata butar lantarki da 'yarsu ta aiko musu, irin mai tsayar da ruwa daidai zafin mate. Wata yamma ya cika ta, ya sa hularsa mai kyau, ya bi bayan Nélida. Da'irar ta buɗe masa da murna.

"Ga direba da kansa," in ji Chela. "Wa ka bar wa Suruka? Kada ta yi fushi ta bi ka."

"Na kawo wa maƙwabci gudummawa ne. Na ga yana wahala da gas cikin iskar nan." Ya miƙa butar. "Jona ta, Don Osvaldo. Minti uku ta gama."

Nélida ta dube shi. Ita ta san abin da butar ke ci.

Osvaldo ya yi godiya ya jona. Ɗan injin ya yi wani nishi, ya ɗaga murya kamar zai yi magana, wata jar fitila ta kama, rediyo ya ɗauke. Kowa ya yi shiru.

Evaristo ya gyara hula. Tun safe ya tanadi abin da zai ce, yana jiran wannan shirun.

Sai Osvaldo ya fashe da dariya, har da cire tabarau. "Ya suma, bawan Allah. Ka ga abin da ake nufi da sanin inji. Don Evaristo, in na cire ta, wannan maɓallin zan danna, ko sai na kashe shi tukuna?"

Dole Evaristo ya durƙusa ya nuna masa. Rediyo ya dawo. Aka ɗora ruwa a gas, aka kare wutar da murfin tukunya, hira ta koma inda ta tsaya. Ya ɗan zauna, ya ga ba da shi ake ba, ya ɗauki butarsa. Ya yi tafiyar a hankali don wanda zai biyo shi ya samu ya cim masa. Taku sittin ɗin nan, ƙarar ƙafarsa kaɗai ya ji.

 Washegari Nélida ta naɗe butar a tawul ta tura ta can ƙarƙashin gado.

Kwana uku bayan haka ya tafi tashar jiragen ruwa ya dawo da katakai, da kiret ɗin ƙwai guda talatin, da tsohuwar katifar soso. Ya yini biyu yana sara da bugu. Ya yi akwati mai murfi, ya manne soso a ciki, ya bi shi da kiret. Shi direba ne, ya san inji na son iska. Sai ya huda taga ɗaya a gefen da ke duban teku, ya huda wata a bayanta don hayaƙi. Fanka bai sa ba. A Las Conchillas wa ke sayen iska?

Ya gwada da safe. Suruka ta koma kamar mai faɗa a ɗakin da aka rufe. Ya zagaya akwatin sau uku.

"Neli, ki soya fanke da yawa. Ki gaya musu yau a nan ne."

Suka zo, su duka, har Osvaldo da kwalbar jan giya. Chela ta zagaya akwatin tana leƙe.

"An kai Suruka gidan tsofaffi ke nan. Allah ya sa tana samun abinci."

Aka jona wayoyi. Aka zauna. Karo na farko a rumfar nan mutum ya yi magana ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba. Evaristo ya jingina da tirela, ya bari fanke ya zagaya, sannan ya ɗauko labarin gada. Yana cikin bayarwa ya ga abin da bai saba gani ba: ba mai gyaɗa kai. Kallonsa suke. Matar Viedma ta tambaya ko akwai yara a motar. Ya ce akwai, har da mai ciki. Ɗaya daga masu kamun kifi ya ce, "To da birki ya jiƙe fa, yaya ka yi?" Evaristo ya ajiye fankensa don ya nuna da hannu biyu. Nélida ta tsaya da fulas a hannu, ita ma tana ji.

Ba wanda ya lura tutar tsumman da ke kan rumfa ta kwanta. Sau biyu ko uku a bazara iskar kan yi haka, ta ɗauke ɗif kafin ta juya.

Ya kai bas tsakiyar gada ke nan Chela ta ɗaga hanci.

"Wani abu na ƙonewa, kuma ba fanke ba ne."

Baƙin hayaƙi ne ke fita ta tagar akwatin. Kafin ya kai, Suruka ta yi tari biyu ta tsaya da kanta. Ya fizge murfin, soso ya narke ya manne a jikin salansa, kiret na ci. Masu kamun kifi suka watsa ɓawo da yashi. Da hayaƙin ya lafa ya kama igiya ya ja. Ko motsi.

"Akwai kifi a firij ɗinku, ko?" in ji Osvaldo a hankali. Bai jira amsa ba. Ya tafi ya dawo da jan abin a hannu ɗaya, ya ajiye shi daidai gaban ƙafar Evaristo, ya jona firij da katakon soket. Mutane suka koma kujerunsu. Hira ta koma kan gobara, kowa da wadda ya taɓa gani. Bas ɗin labarin ta tsaya a tsakiyar gada.

Nélida ta sake sabon ganye a ƙoƙo. Mai zuba mate shi ke shan na farko, don ɗaci da ƙurar ganye a cikinsa suke. Na biyu shi ne mai kyau. Shekara arba'in da shida, a gida ko a waje, hannun mijinta kaɗai na biyun nan yake zuwa. Evaristo ya goge baƙin hannunsa a wando ya ɗan ɗago shi.

"Don Osvaldo," in ji ta, tana miƙa masa ƙoƙon, "kai ka cece mu yau."

Abin da ya kamata ta yi ke nan, kowa zai faɗi haka. Evaristo ya kai hannun kan hularsa ya gyara ta.

Makaniken San Antonio ya sauya fistan da zobba. Suruka ta dawo da rai, muryarta ma ta ƙaru.

Da suka koma Cipolletti ya share rabin gareji. Wannan karon ya zana a takarda tukuna. Ya sayi katako mai kauri, da audugar gilashi wadda wuta ba ta ci, ya je wurin 'yan gwangwan ya ciro fankar wata matacciyar bas. Duk lokacin sanyi yana can da rigar ulu. Gefe uku suka tashi, da gindi, da murfi mai maƙulli. Aiki ne mai kyau, maƙwabcinsa kafinta ma ya yaba. Saura gefen da fanka za ta zauna. Ya ɗora ta a kan katakon, ya zagaye ta da fensir.

Nélida ta shigo da mate ta same shi tsaye a kan da'irar.

"Yanke shi mana, tsoho. Aikin minti goma ne."

Ya karɓi ƙoƙon, bai sha ba. "In na gama shi, ya yi shiru kamar na wancan," ya ce, idonsa a kan katako, "a rumfarmu za ki riƙa zama?"

Ba ta daɗe ba ta amsa. Wani ma ba zai ce ta yi jinkiri ba. Amma shi mutum ne da ya yi shekara talatin yana sauraron inji, ya san ɗan tsaikon da ke zuwa tsakanin bugu da bugu.

"Ka gama tukuna," ta ce.

Janairu ya zo, ya ce gam bai bushe ba, suka tafi babu akwati. Na gaba ya ce fankar tana son sabon waya. Na bayansa bai ce komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Bazara uku ya ƙara yi a Las Conchillas. Shida saura kaɗan Nélida za ta haɗa masa ƙoƙo da fulas, ta ɗauki kujerarta. Shi da kurman dattijon nan su zauna, Suruka na yi musu ruri. Mutane sun ɗan yi ƙorafi a kan abu ɗaya: ya daina kashe ta takwas daidai. Sai ya hango da'irar can ta watse, ya ga matarsa ta kamo hanya ita kaɗai, sannan ya miƙa hannu ya murɗe makunnin. Chela ta ce a ƙyale shi, agogonsa ne ya tsufa.

Ya rasu cikin Agustan da ya wuce, a gadonsa, bayan gajeriyar jinya. Da 'yarsu ta zo kwashe gareji ta tarar da akwatin a kan teburin aiki, an lulluɓe shi da tsohon bargo, ba ƙura ko kaɗan. Fanka na ciki, an naɗe wayarta. Katako na huɗu yana jingine a bango da da'irarsa. An bi layin fensirin sau da yawa, har ya yi zurfi ya yi ƙyalli. Zarto na rataye a ƙusa kusa da shi, da sabon haƙori, ba a taɓa sa shi a katako ba.